Zoben Boris na Kan Ƙusa

Shekara ashirin ke nan ina sayar da boris na ƙafar mota a Ƙofar Ruwa, kuma ba a yin rana ba tare da wani direba ya ɗaga ɗaya ya duba shi a haske, ya murza shi a bakin kunne, ya ce, "Malam Sale, wannan mai kyau ne?" Nakan ce masa ban sani ba. Sai ya yi fushi ya wuce shagon gaba, inda za a rantse masa da Allah. Ya je. Abin da ke kashe boris ba a ganinsa a haske, ba a jinsa a kunne, yana cikin naman ƙarfen tun ranar da aka zuba shi. Mutum ɗaya na sani da ya damu da wannan, wani Ibo mai suna Benadik, kuma don shi na zauna rubutun nan. Karatuna aji huɗu ne na elementare. Wanda ya ga kuskure ya gyara abinsa.

Na sauka Fatakwal da damina, ba a daɗe da ba mu mulkin kai ba. Dukiyata duka masabar babana ce da awartaki, don mu gidan maƙera ne. Mai masaukina mutumin garinmu ne, dattijo mai carbi har gwiwa. Ya ce in kawo kayan aikin ya adana mini, garin akwai ɓarayi. Gaskiya ya faɗa, akwai su. Bayan mako biyu na ga masabar babana a hannun wani mai gyaran kwalekwale, ya ce wani Malam ne ya sayar masa. Da na yi wa dattijon magana sai ya ce ni yaro ne mara kunya, ya fitar mini da tabarma waje.

Wata shida ina kwana a rumfar masu gwangwan, ruwa na zuba kamar ba shi da aikin yi. Aikina fasa matattun injuna da ake fitarwa daga bakin jirgin ruwa, in ware tagulla gefe, boris gefe. Tuwo na yi ta mafarki, garin rogo na yi ta ci. Wata mata mai gasa agada da kifi a bakin titi ita ta riƙe ni da rai. In ta ga na wuce ban tsaya ba sai ta ƙwala mini kira, "Aboki, come chop," ta miƙo mini wadda ta ɗan ƙone. Ban taɓa sanin sunanta ba. Na dattijon kuwa har yau ina riƙe da shi, ban dai ga amfanin rubuta shi ba.

Daga nan na ɗauki buhun tsofaffin boris na yi Anacha, don an ce can ne kasuwarsu. A unguwar Fegge na sami gefen tebur wurin wasu 'yan Arewa. Sana'ar ba ta da wuya: ka wanke da kananzir, ka goge, ka cika da giris, ka naɗe a takarda mai maiƙo. Ba mu ce sabo ne ba, ba mu kuma ce tsoho ne ba. Wata rana wani direba ya dawo da wanda na sayar masa kwana uku da suka wuce, ya jefa mini a ƙirji, ya bi ni da mari. Cikin zoben ya ɓantare kamar an ciza. Mutane suka taru, kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

Wani gajeren mutum mai gajeren wando da doguwar safa ya sunkuya ya ɗauki zoben. Ya zaro gilashin ƙara gani daga aljihu, ya daɗe yana leƙen ramin. Ya yi wa direban magana da yarensu, sannan ya juyo gare ni da Hausar Zazzau tsantsa.

"Na ce masa marin rabi ya kamata ya yi maka. Ka sayar da tsoho, wannan laifinka ne. Amma abin nan da cutarsa aka haife shi. Leƙa."

Na leƙa. Can ƙasan ramin akwai wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar gishiri ba.

"Mene ne?"

"Tsakuwa."

"A cikin ƙarfe? Wa ya sa ta?"

"Wanda ya yi gaggawa." Ya dubi hannuwana, ya ga tabon wuta. "Kai ɗan maƙera ne? To, ɗan maƙera, in ka gaji da shan mari ka zo Inugu, bayan tashar jirgin ƙasa, ka tambayi Benadik mai narka."

A Sabon Garin Zariya aka haife shi, ubansa ma'aikacin reluwe ne. Ya yi wasu shekaru a wata masana'antar ƙarfe a ƙasar Turawa, ya dawo da agogo, da gilashin nan, da taurin kai. Rumfarsa ta kwano ce: tanderu mai shan baƙin mai, tukunyar narki, guduma mai inji, injin gurza. Muna tara matattun boris mu narke, mu zuba, mu buga, mu gurje, mu fitar da zobban ƙafar gingimari ga direbobin da ba sa iya jiran kayan jirgin ruwa. Mu uku ne a ƙarƙashinsa, ni kaɗai Bahaushe. A unguwar Hausawa ta gefen Ogbete nake kwana, in zo da sassafe a ƙafa.

Ni da na taso a maƙera na ɗauka na san ƙarfe. Ashe jansa na sani, ban san ruwansa ba. Oga Benadik ya zaunar da ni a kan bulo ya yi mini bayani kamar mai koyar da alwala.

"Ƙarfe in ya narke, iska yake sha, kamar yadda gari ke shan ruwa. Ka zuba shi haka, sai ya yi ta tafasa a mazubi, ya daskare da ramuka kamar burodi. Dole ka ba iskar nan abin da ta fi so, ta sake shi."

Yana da wani akwati mai kwaɗo. A ciki akwai duwatsu masu ƙyalli iri biyu, manganis da silikon, su yake fara jefawa. Ya ce dattin da waɗannan ke haifarwa in sun kama iska ruwa-ruwa ne, ɗigo ya haɗu da ɗigo ya taso da sauri kamar mai a kan miya. Sai a ƙarshe ya ɗaura ɗan guntun sanholo, ƙarfen nan mara nauyi da ake tukwane da shi, a bakin sanda, ya nutsa shi can ƙasa.

"Sanholo ya fi su duka zafin nama, ba ya barin ko kaɗan. Amma shi da iska in sun haɗu ba ɓacewa suke ba, tsakuwa suke haifa. Fara, ƙanana, masu kusurwa, sun fi ƙarfen tauri, suna manne wa juna kamar ƙarangiya. Shi ya sa nake bari na farko su yi yawancin aikin, shi ya share saura. Ka ƙara shi, ka ƙara tsakuwa."

"To ta ina take fita?"

"Ba ta kai ƙarfe nauyi ba, da kanta za ta taso, in ka ba ta lokaci."

Daga nan sai ya ɗora agogo a kan bulo, kowa ya tsaya. Ba a motsa tukunya, ba a taɓa kashin maƙeran da ya rufe samanta. Ya ce wannan baƙin kashin aiki biyu yake: shi ke cafke tsakuwar in ta iso sama, shi ne kuma bargon da ke hana sabuwar iska shiga. In ka yi gaggawa tsakuwa ta daskare a ciki, in ka daɗe ƙarfe ya huce ya ƙi zuba. Tsakanin biyun nan Oga Benadik yake zaune, da shuɗin gilashi a ido, ba ya ko ƙiftawa. Na ga malamai, na ga alƙalai, ban ga wanda ke tsayawa a kan aikinsa kamar mutumin nan ba. Direba zai zo yana kumfar baki, motarsa na kan jak, fasinja na jira, shi ko ya ce, "Minti huɗu saura," ko juyowa ba ya yi.

Ya nuna mini yadda take kisa. 'Ya'yan boris suna bi ta kan wuri ɗaya ba adadi. Duk wucewa ƙarfe ya ɗan lotsa ya dawo, tsakuwa kuwa ba ta lotsawa. Sannu a hankali naman da ke kewaye da ita ya rabu da ita, tsaga ta fara a ƙarƙashin fata inda ba mai gani, ta yi ta rarrafe har ɓawo ya ɓalle. Daga nan sai ƙara, sai zafi, sai ƙafa ta cije.

Na yi kuskurena a shekarar da soja suka yi juyin mulki sau biyu, lokacin da aka fara taɓa Ibo a Arewa. Ya nutsa sanholo ke nan aka zo aka ce ana nemansa a waya daga Zariya. Ƙanensa Fidelis yana can, akawu ne a reluwe. Ya ajiye agogo ya ce, "Minti goma. Kada ka taɓa komai." Ya fita da gudu.

Na tsaya ina kallon baƙin kashin nan a kan tukunya. A gidanmu kashin maƙera abin kunya ne. Tun ina ɗan shekara bakwai ake dukana in na bar shi a aiki. Duk bayanin da aka yi mini yana kaina, amma hannuna na gidanmu ne. Na ɗauki ludayin ƙarfe na kwashe shi tas, ruwan ƙarfe ya fito fari sol kamar madubi. Na ƙara guntun murfin tukunyar sanholo don ya ƙara tsabta, na gauraya sosai. Ɗaya daga abokan aikina ya ce, "Oga no go like am." Na ce masa kakan kakana yana narka tama tun ba a haifi kakan Oga ba. Muka zuba, na ɗaga tukunyar sama don ya sauko da kyau, yana walƙiya a iska.

Da Oga ya dawo ya dubi tulin kashin a ƙasa, ya dube ni. Ya sa aka buga ƙarfen, aka gurje, aka gasa, aka tsoma a mai, aka goge. Aikin kwana huɗu, a kan zobe ɗaya. Ya fito ya fi duk wanda muka taɓa yi kyau. Har na fara murmushi. Sai ya yanko guntun ƙarfen da ya rage, ya goge fuskarsa, ya miƙo mini gilashi. Fararen ɗigo ne jere-jere, layi bayan layi, kamar an watsa tsaki.

"Ka cire bargo, ka ƙara sanholo, ka gauraya, ka yi masa wanka da iska. Abu huɗu na hana, ka yi biyar." Ya buga ƙusa a ginshiƙin da nake salla a gindinsa, ya rataye zoben. "Ga ɗanka nan. Kullum da safe ka gaishe shi."

Haka kuwa aka yi. Ina shigowa zai ce, "Ɗan maƙera, ka gaida ɗanka? Ya kwana lafiya?" Sauran su yi ta dariya. Na ji haushinsa ƙwarai. Ban bar aikin ba.

Da damina ta zo ƙarshe jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa. Rumfarmu tana bayan tasha, na ga abin da ake saukewa. Ba zan rubuta shi ba. Mutanenmu ne suka yi, wannan kawai zan ce, wanda ya ji haushi ya ji. Oga Benadik ya kashe tanderu, kullum yana bakin dandamali yana leƙa tarago bayan tarago. Labari ya zo cewa an fara ramuwa a kan namu a Fatakwal da Anacha. Sai aka yi shela duk wanda ba ɗan yankin ba ya fita.

A unguwarmu gingimari ɗaya ta rage, ta Alhaji Ɗan'azumi mai albasa, wanda ya shekara talatin a Ogbete, 'ya'yansa ma Ibo suka fi ji. Zoben ƙafar baya ya ci, an kwance shi, kuma ba shagon da zai buɗe wa Bahaushe. Alhaji ya riga ya ce in mota ta tashi mata da yara da tsofaffi ne za su hau, gwauraye irina su nemi hanya.

Na je na same shi. Na ce ina da zobe, sabo dal, daidai motarsa, amma da ni za a tafi. Ya ce in kawo. Rumfar Oga ba kowa, na san inda ake ɓoye mabuɗi. Na cire ɗana daga ƙusa. Makanikin Alhaji ya ɗaga shi a haske, ya ce bai taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Na ɓoye abin da na sani. Na gaya wa kaina wataƙila Oga tsoratarwa ce kawai yake yi.

Washegari da hantsi an ɗaure kaya, mata sun hau, mu hamsin da uku. 'Yan sandan da za su raka mu sun ce da azahar za su tashi, wanda bai shirya ba shi ya sani. Sai ga keke ya shigo layin. Oga Benadik ne, kansa a aske ƙwal. Na zauna da Ibo na san askin nan na makoki ne. An sami labarin Fidelis.

Samari suka ɗauki sanduna. Shi kuwa ya jingine keke, ya je gaban Alhaji ya rusuna.

"Alhaji, barka da hantsi. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Alhaji ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har da "Yaya naka iyalin?" Ya dubi askakken kan, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Benadik."

"Amin. Wace ƙafa aka sa wa zoben?"

"Ta baya, hagu. Lafiya?"

"A sauke mutane. Ba zai kai ku ba."

Wuri ya ruɗe. Wani ya ce dabara ce, Inyamuri ya zo ya riƙe mu har 'yan'uwansa su iso. Wata tsohuwa daga saman mota ta ce ita ba mai sauke ta. Alhaji ya ce, "Benadik, azahar ta kusa. Makanikina ya ce zoben lafiyayye ne. Sale ma ya ce sabo ne."

Duk aka juyo ana kallona. Da Oga Benadik ya faɗi gaskiya, a wurin za a bar ni, in ma an bar ni da rai. Bai ko dube ni ba.

"Sabo ne. Ni na nuna wa Sale wanda ba shi ba, idona ne ya tsufa." Ya zaro wani zobe daga cikin riga, naɗe a tsumma, na hannunsa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar. "In dabara ce, ga ni a hannunku. Motar nan dai sai ta bi ta kaina."

Alhaji ya daɗe yana jan gemu. Sannan ya ce a sauko.

Ni da shi muka shiga ƙarƙashi, makaniki na miƙo kaya. Ana ta kiran lokaci a kanmu, shi ko yana bugun zoben a hankali, gefe da gefe, kamar ba abin da ke faruwa a garin. Ya sa aka sake wanke 'ya'yan boris ɗin saboda ya ga yashi a giris. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka manta abin da ke cikin ɗanka ne?"

"Ban manta ba."

"To."

Na ce, "Oga, Fidelis..."

"Miƙo sifana."

Ana kiran salla muka sauke jak, motar 'yan sanda na ta hon a bakin layi. Ya cusa mini tsohon zoben a aljihu ya ce, "Tafi da ɗanka." Ya hau kekensa. Ban ce masa na gode ba, ban ce ya yafe mini ba. Ina ta neman yadda zan fara har ya sha kwana.

'Yan sanda a mararrabar Mil Tara, mil tara daga Inugu, suka juya suka bar mu. Daga nan sai shingen samari, wani bayan wani, da adduna. Direbanmu ba ya tsayawa sosai, 'ya'yan Alhaji na leƙowa suna magana da Ibo, a ɗaga itace mu wuce. Can gaba muka ga wata mota da ta lalace a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, kaya a watse, ba kowa. Duk inda muka tsaya bayan mun haye gadar Makurɗi sai in sauka in dafa cibiyar ƙafar nan. Ɗuminta bai wuce na goshin yaro mai lafiya ba. Haka har Kano.

Da yaƙin basasa ya ƙare na koma neman Oga Benadik. Anacha ta ƙone, mutane na kasa kaya a ƙasa. A Inugu na tarar da rumfar ba rufi, tukunyar narki cike da ruwan sama, ƙusar tana nan a ginshiƙi. Wani ya ce an ɗauke shi yin kayan yaƙi, wata ta ce ya koma ƙauyensu da yunwa ta yi tsanani. Ba wanda ya ce ya ga kabarinsa, ba wanda ya ce ya gan shi.

Shekaru ina ajiye da zoben, ina gaya wa kaina da ma zai kai mu. Na gaji da wannan zancen zuci. Na sami wani abokina mai motar yashi, na gaya masa gaskiyar abin da ke ciki, muka sa shi a ƙafar baya ta hagu, na zauna a gaba ina kallon agogon mil. So nake ya kai mu Wudil ya dawo, ya yi wata, ya yi shekara, in samu in ce Oga ya cika tsanani.

Ba mu ga gadar Wudil ba. Ya fara kuka, ya yi hayaƙi, ƙafa ta cije muka sauka gefen hanya. Mil ashirin da biyu. Da muka kwance, ɓawo ya ɓalle kamar farce, a ƙasan ramin ga farin ɗigo. Na zauna a kan yashin ina cire tara daga ashirin da biyu. Ko mai aji huɗu ya iya wannan. Mil goma sha uku bayan 'yan sanda sun juya, mu hamsin da uku.

Yana nan a shagona, a kan ƙusa, sama da inda nake salla. Masu saye sukan tambaya me tsohon ƙarfe yake yi a wurin, ba na ba su amsa. Kowace safiya in na buɗe ƙofa nakan gaishe shi, kamar yadda aka ce in yi.